Ƙanena ya koma shan aragi bayan mun baro Madani: ciwo ne ko taurin kai?

Yayar Gida, Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masu sani a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Na kawo maganar nan ne saboda duk lokacin da aka tayar da ita a cikin dangi, faɗa take zama tun kafin a kai ga wata mafita.

Makanike ne, ya haura shekara talatin, yana da mata da 'ya'ya. Da ƙuruciyarsa ya taɓa shan aragi, wato giyar dabino mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, tare da abokan gareji, amma ya daina tun kafin ya yi aure, ya yi shekaru bai ko bi ta inda ake sayarwa ba, har mun manta an taɓa yi. Da yaƙin Sudan ya iso garinmu Wad Madani a watan Disambar 2023, mu muka riga shi fitowa, shi kuwa ya tsaya ya rufe gareji, ya biyo mu daga baya. A kan hanya wasu masu bindiga suka tare motar da yake ciki, suka sauke maza, suka harbe yaron da yake koya wa aiki a gaban idonsa, shi kuma suka yi masa dukan da har yau kafaɗarsa ba ta ɗaguwa sosai. Ba daga bakinsa na ji wannan ba, wani da suka shiga mota ɗaya ne ya faɗa wa maigidana. Shi bai taɓa ambata ba.

Tun da ya iso Gadarif barci ya ƙaurace masa. Zai kwanta a kan angarib, wato gadon igiya, a tsakar gida, idonsa biyu har kiran assalatu, in kuma barcin ya sace shi sai ya farka a firgice, ya jiƙe sharkaf da gumi. Idan raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a waje, ko yaro ya buga ƙofar ƙarfe, sai ya zabura jikinsa na ɓari. Ba ya shiga kasuwa, ba ya son jin warin baƙin mai wanda a cikinsa ya girma, kuma da mutane suka fara komawa Madani bayan Janairun 2025, cewa ya yi ko gawarsa kada a kai can. A cikin wannan hali ne muka fara jin warin aragi a bakinsa.

Ya sha dainawa. Da azumi ya dafa Alƙur'ani a gaban mahaifiyarmu ya rantse, ya riƙe har bayan salla, sannan ya koma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kowace komawa ta fi ta baya muni, domin yanzu yakan wuni a ɗaki bai ci ba, bai yi wanka ba, bai ce wa kowa uffan ba. Kwanan baya na kai masa abinci, ya ce mini, "Yaya, da ni aka harbe aka bar yaron nan, da kowa ya huta." Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Kawunmu ya ce taurin kai ne da raunin imani, a kulle shi a ɗaki mako guda babu fita, in bai shiryu ba a kai shi masid, wato zawiyar shehu, a sa masa mari.

Shin wannan ciwo ne da likita zai iya yi wa magani, ko kuwa kawu ne da gaskiya? Kuma in ciwo ne, wanne ake fara kamawa, shan ko damuwar?

Ma'aikacin Jinya, Kasala

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku haƙurin jinya. Na yi aiki a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a Umdurman kafin yaƙi ya dawo da ni gabas. Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma akwai abubuwa biyu a cikin bayaninki da ba za su jira dangi su gama muhawara ba.

Na farko shi ne maganar da ya faɗa miki. Mutumin da yake sha, yake cikin baƙin ciki, iyalinsa ba sa kusa, kuma yake ganin mutuwarsa hutu ce ga mutane, yana cikin haɗarin hallaka kansa, domin giya tana gusar da tunanin da ke hana mutum aikata abin da ya faɗo masa a rai. Ki same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kuma ko ya taɓa tsara yadda zai yi. Wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sanyi yake ji don wani ya yarda ya saurare shi. Gadarif ƙasar noma ce, da wuya a rasa jarkar maganin feshi a gida, to a fitar da ita yau, tare da tarin ƙwayoyi da duk wani makami, kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren da ya sha.

Na biyu shi ne shawarar kullewa, kuma ina roƙonku kada ku yi. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, idan aka yanke masa lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa zai fara rawa, gumi da amai da bugun zuciya su biyo baya. A cikin kwana biyu na farko farfaɗiya na iya kama shi, sannan tsakanin kwana na biyu da na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi, da ganin abubuwan da babu su, kuma wannan yana kisa idan babu kulawa. A asibiti ana ba da magani irin diyazefam na 'yan kwanaki ana ragewa sannu a hankali, tare da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, ana kuma lura da ruwan jiki. Ban da haka, mutumin da aka taɓa tsarewa da bakin bindiga, idan danginsa suka rufe shi ko suka ɗaure shi, ranar nan suke dawo masa da ita sabuwa.

Game da tambayarki, abin da kika lissafa, wato mafarkin firgita, zabura da ƙaramar ƙara, guje wa duk abin da ke tuna masa da ranar, da jin cewa shi ya kamata ya mutu, alamomi ne sanannu na ciwon da tashin hankali mai tsanani ke bari a zuciya, kuma idan suka wuce wata guda suna hana mutum rayuwarsa, likitoci suna ɗaukarsu ciwo mai suna da magani. Ƙanenki ba shi kaɗai ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya shafa yana fama da wani ciwo na wannan fanni, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Yadda abin ke tafiya shi ne, aragi yana kwantar da mutum da wuri, ya danne mafarki a farkon dare, shi ya sa mai shan yake ganin ya sami magani. Amma da ƙarfinsa ya sake shi wajen tsakar dare sai barcin ya yanke, kuma a ranar da ya daina sha mafarkan da aka danne sukan dawo da ƙarfin da ya fi na da. To ga mutum ya rantse ya daina, ga dare na uku ya zo masa da abin da ya fi ƙarfinsa, ga kwalba a kusa wadda ya san za ta kashe wutar na awa huɗu. Washegari giyar da kanta ta ƙara masa baƙin ciki, kunya ta hau kai. Duk wanda ya raba shi da kwalba ya bar shi da darensa yadda yake, kamar mai kwashe ruwa ne a ɗaki da damina alhali rufin na yoyo. Saboda haka ba a cewa sai an gama da ɗaya za a taɓa ɗaya. Ana fara fitar da giyar daga jiki lafiya, domin shi ne na gaggawa, amma tun a ranar farko likita ya san da labarin hanyar Madani, a tafi da su biyun tare.

Wani abu da ya kamata ki sani: giya ita kaɗai tana haifar da ciwon damuwa, kuma irin wannan yakan ragu da kansa cikin mako biyu zuwa huɗu bayan an daina. Idan an kai wata guda babu sha amma nauyin zuciyar na nan, to ciwo ne mai zaman kansa, kuma akwai magunguna irin satiralin da ake bayarwa ga damuwar da firgicin duka, sai dai suna ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu. Kafin a ba shi, likita zai so ya san ko ya taɓa yin kwanaki a jere cike da kuzari, barci kaɗan babu gajiya, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi. In ya taɓa, ki faɗa, domin wannan wani ciwon ne daban mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi.

Ki fara da babban asibitin garinku, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. In kuwa wata rana ya sha ya ce idonsa na ganin hazo, a garzaya da shi nan take, don aragin da aka gurɓata da wani sinadari mai guba yana makantarwa.

Ɗan Rusairis, mazaunin Jidda

Yaya, na karanta saƙonki sai na ga kamar 'yar uwata ce ta rubuta a kaina. Rikicin da ya auka wa Hausawa a jihar Bulu Nayil a watan Yulin 2022 ne ya raba ni da gida, kuma abin da na gani a lokacin shi ya mayar da ni ga abin da na daɗe da bari.

Mafi wuyar lokaci shi ne daga bayan isha zuwa tsakar dare, sa'ad da gida ya yi tsit, kowa ya juya baya ya yi barci, kai kuma ka san abin da ke jiranka da zarar ka rufe ido. Ba daɗi nake nema ba, ɗacinsa ma ƙyamarsa nake yi. So nake kaina ya yi shiru. Kuma abin da mutanen gida ba su gane ba shi ne, kurɓin farko bayan an daɗe da dainawa ba shi ne ke kayar da mutum ba. Abin da ke kayarwa shi ne maganar da za ka faɗa wa kanka da safe, cewa ai ka riga ka karya rantsuwa, kai ba mutumin kirki ba ne, to me ya rage da za ka tsare? Daga nan sai a yi mako ana sha. Idan a wannan safiyar aka tarbe ka da zagi, an sa hannu a kan abin da zuciyarka ta riga ta rubuta.

Wani ƙanin mahaifina ne ya riƙe ni. Bai taɓa tambayata abin da na gani ba. Bayan isha yakan zo da jabanarsa, wato butar gahawa, ya zauna, ya gasa bun, wato 'ya'yan gahawa, a gabana, ya daka da citta, mu yi ta hirar noman riɗi da farashin dawa har barci ya fara fizgata, sannan ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofa. Da na sake zamewa, abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi ka yi wanka, yau ma rana ce, likita na jiranmu." Shi ya raka ni asibiti, shi yake riƙe maganina yana ba ni kullum. Likitan daga baya ya ce in rage shan gahawar dare saboda yana hana barci, sai muka koma karkade, wato zoɓo.

Ki nema wa ƙanenki namiji ɗaya da yake jin nauyinsa amma ba ya tsoronsa. Akwai abin da ba zai iya faɗa wa yayarsa mace ba, komai kusancinku.

Malamin Allo, Mai Wurno

Baiwar Allah, Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon zumunci. Ina da ɗan gyara ga yadda ake ta kiran abin ciwo kawai. Giya haramun ce, kuma larurar da ta tura mutum gare ta ba ta mayar da ita halal, don haka tuba na kansa duk lokacin da ya sha. Amma kawunku ya yi kuskure da ya ɗauka cewa wanda ya faɗi sau da yawa imaninsa ya tafi.

A cikin Sahihul Buhari akwai labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani daga cikin mutane ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwa. Ita kanta haramcin giya a mataki-mataki ta sauka, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, kafin hani na ƙarshe a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma Nana A'isha ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Rantsuwar da ya karya tana da kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 89 ta Ma'ida: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ki sanar da shi wannan, don ya san ƙofa a buɗe take, kuma ku daina sa shi dafa Alƙur'ani, domin kuna ƙara masa kaya ne a kan wanda ya kasa ɗauka.

Ruƙiyya da addu'a da zama cikin masu zikiri alheri ne, a yi masa. Mari da bulala kuwa ba na cikin magani. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da waraka tare da ita, kuma zuwa wurin likita neman wannan warakar ne. Tijani al-Mahi, wanda aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa, an san shi da girmama shehunan masid da haɗa kai da su wajen kula da marasa lafiya. In kawu ya ƙi sauraronki, ki nemi limamin unguwarku ya yi masa magana.

Yayar Gida, Gadarif

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Allah ya gafarta Malam, na karanta wa mahaifiyarmu amsarka, ta yi kuka, ta ce ita za ta yi wa kawu magana da kanta. Mun fitar da maganin feshin, kuma ɗan gwaggonmu ya yarda zai riƙa kwana tare da shi.

Likita, saura abu uku. Wata maƙwabciya ta ba mu ƙwayoyin barci ta ce mu riƙa sa masa a shayi, shin mu yi? Sannan yana tsoron asibiti saboda doka, yana ganin za a miƙa shi. Kuma ko in matsa masa ya ba ni labarin abin da ya faru a hanya, ko zai sami sauƙi in ya amayar?

Ma'aikacin Jinya, Kasala

Kada ku sa masa komai a shayi, 'yar uwa. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi dangin diyazefam ne, kuma idan suka haɗu da giya a jiki suna iya danne numfashi har mutum ya wuce a cikin barci. Su kansu suna kama mutum, ba sa kuma warkar da firgici, shi ya sa a asibiti 'yan kwanaki kawai ake ba da su. Ranar da ya gane ana ba shi abu a ɓoye, ya daina yarda da abincinki ke nan.

Tsoronsa na doka yana da tushe, tun da an haramta giya a Sudan tun Satumbar 1983, kuma gyaran da aka yi a 2020 waɗanda ba Musulmi ba kawai ya sassauta wa. Amma riƙe sirrin majiyyaci wajibi ne a kan likita. In kalmar giya ce ke hana shi fita, ki ce masa ku je a duba rashin barcin da kafaɗar, domin gaskiya ne suna buƙatar dubawa, sai dai a gaban likita dole a faɗi yawan abin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe, saboda da wannan ake auna magani.

Labarin hanya kuwa kada ki matsa. Akwai jinya ta magana wadda a cikinta ake komawa ga abin da ya faru daki-daki, kuma tana daga cikin mafi amfani ga wannan ciwo, amma wanda ya koyi aikin ne ke yi, a lokacin da majiyyaci ya shirya. Naki shi ne ki nuna masa cewa ranar da ya so magana kina nan, kuma in ya fara kada ki katse shi da cewa ya manta ko ya yi haƙuri.

Abin da ɗan uwanmu na Jidda ya bayyana game da safiyar da ke bin kurɓin farko, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Alan Marlatt, ya yi shekaru yana nazarinsa, ya kuma nuna cewa baƙin ciki da fushi da makamantansu ne kan gaba wajen mayar da mutum ga sha. Don haka ku shirya tun yanzu, shi da ku, abin da za a yi in ya zame: wa zai kira, wa zai zauna da shi, kuma a koma wurin likita cikin kwana ɗaya ko biyu maimakon a jira ya nutse. Ki tambayi likitan game da naltireksan, magani ne da ke rage kwaɗayin giya, amma sai an gwada hantarsa, kuma ba a haɗa shi da tiramadol, don haka in yana shan tiramadol saboda kafaɗar a faɗa tun farko.

Matarsa kuma kada a matsa mata ta dawo da yara yanzu, musamman in ya taɓa ɗaga hannu ko ya tsorata su a cikin maye. A bar su su riƙa zuwa da rana lokacin da yake garau. In kin sami ranar ganin likita, ki rubuta duk alamomin da kika lissafa mana a takarda ki tafi da ita, domin shi da wuya ya faɗi ko rabinsu.